Masu sayar da sulken fallaye, wannan cuta ta isa haka

Duk wanda ke cikin harkar kwaikwayon yaƙe-yaƙen da, daga masu shigar Rumawan Gabas zuwa masu shigar mahayan Asiya ta Tsakiya, ya san takaicin da ke cikin kwalin da ake aikowa da sunan "cikakken sulke, haɗawa kawai ya rage". Ƙarya ce. Abin da ke ciki rabin aiki ne, an saka masa kuɗin cikakke.

Wannan sulke dabam yake da na zobba da muka saba gani a hawan daba. Ƙananan fallayen ƙarfe ne masu huji, ana ɗaure su da juna da igiya, jeri bisa jeri, ba tare da an ɗinka su a kan riga ba. Igiyar ce ke riƙe da komai, kuma ita ce mai sayarwa ke fara kashewa. Injin da ke huda falle yana barin kaifi a bayan kowane huji. Aikin maƙeri ne ya kashe wannan kaifin kafin kaya su bar hannunsa, amma ba sa yi. Mai saye ya ɗaure, ya saka, ya yi atisaye sau biyu ko uku, sai jeri ya ɓalle a ƙirji domin ƙarfen ya yi ta cin igiyar kamar reza. To a lissafa: falle 330, kowanne da huji 8, huji 2,640 ke nan da mutum zai bi ɗaya bayan ɗaya, gaba da baya, da magagari da sanfefa. Wa ya faɗa masa haka kafin ya biya?

Adadin ma zalunci ne. A ɗauki falle mai tsawon santimita 8 da faɗin 3. Idan kowanne ya hau ɗan'uwansa da santimita 1, abin da ke bayyana 2 ne kawai. Ƙirjin da ya kai santimita 110 a kan rigar lifidin da ake sakawa a ciki zai ci falle 55 a jeri ɗaya. Jeri 6, falle 330, ba a zo kan kafaɗa da cinya ba. Mai sayarwa sai ya yi lissafi da cikakken faɗin fallen kamar ba za su hau juna ba, kuma da awon ƙirji tsirara. Kaya su ƙare sulke bai zagaye jiki ba. A sake oda, a sake biyan jigila da kwastan, sannan na biyun ya iso hujinsa ya goce da milimita ɗaya daga na farko. Milimita ɗaya ba wasa ba ne a nan: tana taruwa falle bayan falle har jerin ya lanƙwashe kamar baka, ya ƙi zama a kan na ƙasansa.

Kauri fa? Milimita 1 ya wadatar ga wasan da ba a dukan gaske, musamman in an ɗan ƙumbura fallen, domin ƙumburin ne ke ba shi ƙarfi. Su kuwa sai su yanko shi shafal kamar murfin gwangwani, su rufe kasawar da ƙarin kauri. Falle 330 a milimita 1 sun ɗan haura kilo 6. A milimita 1.5 sun haura kilo 9. Kilo 3 na banza a kan kafaɗar mutum wuni guda, don kawai wani ya ƙi ɗaga guduma.

Igiyar da suke haɗowa kuwa abin kunya ce. Ko ta nailan mai sheƙi wadda masu tantance sahihancin kaya a filin wasa ke hangowa daga nesa, ko fatar da aka jeme da sinadari, mai miƙewa da zarar ta sha gumi. Kowane falle yana cin igiya kusan santimita 20, wato wajen mita 66 ga falle 330, kuma abin da ke cikin kwalin ba ya kaiwa. Fatar da ta dace ita ce wadda aka jeme da itatuwa, irin jimar bagaruwa da majemanmu suka iya, a yanka ta daidai da faɗin hujin, a shafa mata kitse, a ja ta ta gama miƙewa tun kafin a fara ɗauri.

Amma abin da ya fi ƙona rai shi ne ƙaryar tarihi. Samfurin da ya cika kasuwa an kwaikwayo shi ne daga sulken da aka tono a kaburburan yaƙin Bisbi, a tsibirin Gotlan na Suwidin. An yi yaƙin nan a 1361, lokacin da Sarki Baldema na Danmak ya afka wa tsibirin. Sai ga shi ana liƙa masa sunan "sulken Baikin", alhali zamanin Baikin, mayaƙan teku na arewacin Turai, ya shuɗe da kusan shekara 300 kafin nan. In ana son fallayen da suka fito daga ƙasar Baikin da gaske, akwai na Birka, wani tsohon gari a Suwidin, na ƙarni na 10, kuma sifarsu dabam ce, asalinsu ma gabas yake nunawa, wajen makiyayan Asiya. Mai son shigar Jamus ta farkon ƙarni na 7 yana da samfurin kabarin Nidastotsingen. Duk waɗannan sanannu ne. Mai sayarwa bai jahilce su ba, injinsa ne ke da ma'auni ɗaya, shi ya sa falle ɗaya yau ya zama na Baikin, gobe na Mongol, jibi na Rumawa. Sabon shiga ya kashe watanni yana ɗauri, ya isa filin wasa, masu tantancewa su ce ya cire. Kuɗi sun tafi, lokaci ya tafi, mai sayarwa ya daina amsa saƙo.

Wanda aka sayo a haɗe ma bai tsira ba. Sau da yawa jeren a kife yake, na sama ya rufe na ƙasa kamar ɓawon kifi, alhali a mafi yawan sulken fallaye na ƙasa ne ke hawa kan na sama. Ba a naɗe bakin jeri da fata ba, ƙarfe na yankar hammata da wuya. An ɗaure jeri da jeri tamau har mutum ba ya iya sunkuyawa. Gyaransa sai an kwance shi gaba ɗaya.

Kada kowa ya ƙara sayen kifi a ruwa. A nemi falle 5 na gwaji tukuna. A zura yatsa a bayan huji, a jera su a ga ko hujin sun dace, a auna kauri, a tambayi daga wane kabari ko wane gari aka ɗauko samfurin da kuma ƙarninsa. A ƙara kashi 10 cikin 100 a kan lissafi a oda ɗaya. Wanda ya ƙi aiko da na gwaji, ko ya kasa faɗin inda samfurinsa ya fito, kada a tura masa ko sisi.