Baƙin Singafo

NA-IYA: Alhaji, ranka ya daɗe, ka kawo tallar atamfarka shafina na intanet. Watan jiya kaɗai an buɗe shi sau 60,000.

ALHAJI: Sau 60,000 ko mutum 60,000? A Kwari mace ɗaya kan sa a sauke mata turmi goma, ta juya ba ta saya ba. Buɗe min Google Analytics, mai ƙirga masu shiga shafi, in gani.

NA-IYA: Au, Alhaji ma ya san shi?

ALHAJI: Kuɗina zan zuba, yaro. Yawan buɗe shafi daban, ziyara daban, mutane daban. Wanda ya yi minti 30 bai taɓa komai ba, in ya dawo sabuwar ziyara za a rubuta, alhali mutumin ɗaya ne. Mutane nawa?

NA-IYA: To... 4,000.

ALHAJI: Mun fara saukowa. Danna wajen ƙasashe.

NA-IYA: Singafo 2,500, Najeriya 1,200, Nijar 300.

ALHAJI: Ikon Allah! Kai Tanko, yaushe mutanen Singafo suka fara bin labarin Kannywood?

TANKO: Ai oga ne ya sayo su, naira 5,000. Sai dai ba sa zama, Alhaji. Sakan biyu sun fice. Na ce ko kunya gare su.

NA-IYA: Tanko!

ALHAJI: Inji ne, ba mutane ba. Ziyara ba ta shiga lissafin waɗanda suka tsaya sai ta wuce sakan 10, ko an buɗe shafi biyu, ko an yi wani abu da ka sa a riƙa ƙirgawa, kamar cike fom. Wannan kason nake dubawa, da kuma ta inda suka shigo: binciken Google ne, Facebook ne, ko WhatsApp.

NA-IYA: To nawa za ka biya?

ALHAJI: Kan duk bayyanar talla sau dubu nake biya, abin da kuke kira CPM. In mun shirya a naira 1,000, tallar ta bayyana sau 8,000 ga 'yan Najeriya da Nijar, kuɗinka 8,000. Wadda ka cusa can ƙasan shafi inda ba mai gangarawa, ba na biya. Kuma zan ba ka adireshi mai alamar UTM, don in ga da idona mutum nawa suka zo min ta wajenka. Saura tambaya ɗaya: mutum 1,500 ne suka buɗe shafi sau dubbai haka?

TANKO: A'a, wannan aikina ne. Daga isha'i zuwa asuba ina sabunta shi.

ALHAJI: Ko cire lambar IP ɗin gidanku, wato adireshin intanet ɗinku, daga lissafin ba ku yi ba? Ina fata dai ba ka danna tallar AdSense, wadda Google ke sa wa a shafi, don kan haka suke rufe asusu.

TANKO: Ai tun Talata suka daina nunawa. Na ɗauka hutu suka ba ni.

NA-IYA: Wace Talatar?!