Ranar da na shanye shayin mutum uku a Kyoto

Ni dai shayin da na sani shi ne na mai tebur: Lipton, madara, sukari cokali huɗu, burodi a gefe. Da wannan ilimin na sauka Kyoto, a ƙasar Japan, karatu. Da tsohuwar da nake haya a gidanta ta ce in zo ranar Lahadi ta koya mini haɗa koicha, wato shayinsu mai kauri, sai na ce a raina, yau kuma Bakano za a koya wa shayi?

Muka durƙusa a kan tabarmar tatami, ni da wasu maƙwabtanta mata biyu, zaman tahiya sak, sai dai wannan ba a sallamewa. Aka ba mu wani ɗan alawa mai laushi, kowa ya cinye nasa, ni kuwa na naɗe nawa na sa aljihu. Wa ke cin zaƙi kafin shayi?

Tsohuwar ta tankaɗe matcha, wato garin koren ganyen shayi, a 'yar rariya, ta ce ɗan garin Uji ne, dutsen niƙa kan yi awa guda bai ba da fiye da giram 40 ba. Na ɗebo da siririn cokalin gora, ta zuba ruwan zafi wanda bai kai tafasa ba, ɗan kaɗan kawai. Na leƙa kwanon. Wallahi miyar kuka ce, daddawa kaɗai ta rage. Ana miƙo mini chasen, wato maburginsu na gora, hannuna ya tuna gida. Na sa shi tsakanin tafukana na murza kamar yadda Inna ke yi.

Kore a tabarma, kore a hannun kimono ɗinta, tsinken maburgi biyu suna iyo.

Ba ta ɗaga murya ba, abin da ya fi ba ni kunya ke nan. Ta ce, "Ɗana, usucha mai ruwa-ruwa shi ake kaɗawa ya yi kumfa. Koicha cuɗa shi ake yi." Ta karɓa, ta sake haɗa wani, tana jan maburgin a hankali har abin ya yi sheƙi kamar fenti.

Ta fara miƙo mini. Na juya kwanon sau biyu yadda ta nuna, na kurɓa. Nan na gane amfanin alawar da ke aljihuna. Amma a gidanmu an hore mu kada a rage abin da babba ya ba ka, don haka na rufe ido na kafa kai, har da side bakin kwano.

Ina ajiyewa na ga matan nan biyu sun zuba wa kwanon ido. Ashe na mu uku ne. Tun zamanin Sen no Rikyu, babban malaminsu na shayi wanda ya rasu a 1591, kwano ɗaya ake zagayawa da shi: ka yi kurɓa uku da rabi, ka goge bakin kwanon, ka miƙa gaba.

Na zabura in ba da haƙuri, ashe ƙafafuna sun daɗe da mutuwa. Da rarrafe na fita ɗakin.

Daren nan idona biyu har wayata ta kira sallar asuba. Ina laluben carbi a aljihu na ji yatsuna sun lume cikin alawa.