Tsoron annoba a ƙasashen Larabawa: wa ake tambaya?

A watan Afrilun 2020, mutanen wani ƙauye a lardin Daƙahaliyya na Masar suka tare hanya, suka hana a binne wata likita da korona ta kashe, wai kada gawarta ta harbe su. Sai da 'yan sanda suka harba hayaƙi mai sa hawaye kafin aka kai ta makwancinta, Shehun Azhar ma ya fito ya yi tir da abin. Mutanen nan sun san haƙƙin mamaci sarai, tsoro ne ya rufe musu ido. Shi ya sa nake goyon bayan masu cewa a riƙa auna tsoron jama'a lokacin annoba kamar yadda ake ƙirga waɗanda suka kamu.

A shekarar ce wasu masana suka fitar da wani ma'aunin tsoron korona mai jimloli 7, aka fara gwada shi a Iran, ba da jimawa ba aka mayar da shi Larabci aka gwada a Saudiyya. Ana tambayar mutum ko tafin hannunsa na zufa idan ya tuna cutar, ko barci na gagararsa, ko gabansa na dukan uku-uku, ko yana tsoron rasa ransa. Kowace amsa tana da maki daga 1 zuwa 5, jimilla daga 7 zuwa 35. Aiki ne mai kyau, kuma an yi shi a kan kari.

Matsalata da shi ita ce wa aka tambaya. Lokacin kulle ne, don haka ta intanet aka tattara akasarin amsoshin irin wannan bincike. Mai ilimi ne ya amsa, mai babbar waya, mai karanta Larabcin littafi. Makiyayin da ke kwana cikin raƙumansa fa, alhali tun 2012 aka gano cutar MERS a Saudiyya, wadda ke da alaƙa da raƙuma, take kuma kashe kusan ɗaya cikin uku na waɗanda aka tabbatar sun kamu? Uwar da ke ɗibar ruwa a Yaman fa, inda waɗanda ake zargin sun kamu da kwalara suka haura miliyan ɗaya a 2017? Waɗannan su ne a bakin wuta, kuma da wuya tambayar ta kai gare su.

Akwai kuma batun tawakkali. Ka tambayi dattijo ko yana tsoron mutuwa, zai ce rai na Allah ne, ya ba ka maki ɗaya, kuma har zuciyarsa haka ne. Amma shi ɗin ne zai ɓoye ɗansa mai zazzaɓi a ɗaki don kada a killace gidan, unguwa ta guje su. Ma'aunin da ya tsaya a zufa da bugun zuciya ba zai kama wannan ba.

Ganin yadda kwalara ta ci rayuka a Sudan cikin yaƙi a 2024 da 2025, ya kamata ma'aikatan lafiya su je sansanonin 'yan gudun hijira, su yi tambaya baki da baki da Larabcin da mutane ke magana da shi: idan ɗanki ya fara gudawa, ina za ki kai shi, kuma me zai hana ki?