Ƙanƙarar dala ashirin

Tunda 'yan fadarmu sun riga sun baza cewa da kwalin tramol aka kama ni, gara ku ji daga bakina.

Daren Laraba ne, cikin zafin nan na Afrilu. Kuran ya ɗauke, famfo kuwa kun san halinsa a Damagaram, sai ranar da ya ga dama. Maman yara ta ce ita ƙanƙara take so. Na fita da singileti da gajeren wando, na zura takalmin da ƙafata ta fara lalubowa a bakin ƙofa. Na sayo ta dala ashirin a bayan layi, ina dawowa sai fitilar motar 'yan sanda a fuskata.

"Kart dantite!"

Na ce, "Shef, ga gidana can, mai shuɗiyar ƙofa." Ya ce duk wanda na gani a bayan motar nan gidansa ga shi can. Na ce to a tambayi mai shayi, shi zai shaide ni.

Mai shayin namu dai, ba wani ba. Mutumin nan ya ajiye mataci, ya goge hannu a riga, ya dube ni sama da ƙasa, ya ce, "Shef, sani kam na san shi. Dala tamanin nake bin sa tun kafin azumi." Shaidar da ya bayar ke nan. Bai ce ɗan unguwa ne ba, bai ce malamin lakwal ne ba.

Yaron da ya zo garin nan da buta ɗaya da kofi uku! Wa ya je ya roƙi mai gidan kusurwa har aka bar shi ya kafa tebur? Wa ya jawo masa 'yan fada gaba ɗaya daga wajen tsohon nan na bakin masallaci? Kuma dala tamanin ɗin ma akwai magana a kanta. Ƙwai biyu ya soya mini ran nan, ɗaya ya yi wari, kowa a bencin ya ji, har mai gyaran salula ya tashi ya canja wuri. Shi ya ce albasa ce. Albasa! Na ce ba zan biya kuɗin ruɓaɓɓen ƙwai ba, a cire shi a lissafi. Ashe ajiye ni ya yi a ransa.

Aka ce in hau, na hau. A ciki akwai samari biyu 'yan Kara-Kara, irin masu ɗaga ƙarfen nan, da ɗan kabu-kabu, da wani tsoho da ya zo daga Mirya da awaki zai ci kasuwar Dole washegari, yana ta tambayar wa zai ba dabbobinsa ruwa. Ni kuma na rungume ledar ƙanƙara a cinya, don ban ga dalilin yar da kuɗina ba. Motar ba ta miƙe ba, sai da ta zaga Zango, ta leƙa Sabon Gari, ana ƙara fasinja. Kafin mu isa komisariya leda ta huje.

Muna sauka ƙarƙashin fitila, ɗaya daga cikin samarin ya dubi gaban wandona sharkaf, ruwa na bin ƙafata. Ya dafa kafaɗata a hankali, da tausayi fa, ya ce, "Tonton, kwantar da hankalinka, ba a duka. Karon farko kowa haka yake yi." Na ɗaga leda na ce ƙanƙara ce. Ledar babu komai a ciki. Ya ce, "E, tonton, ƙanƙara ce." Wannan "e" ɗin har yau ina jin ta. Tsohon Mirya ma ya matsa gefe yana a'uziyya. Da zagi na yaron ya yi, da na san abin da zan mayar masa.

A nan ne kuma na dubi ƙasa. Silifas ɗin maman yara ne a ƙafata, ruwan hoda, da fure a kan kowane. Mai rubuta suna ya tambayi sana'a, na ce koyarwa. Ya leƙo ta saman tebur ya dubi furen, ya dubi wandon, ya rubuta bai ce uffan ba.

Kwanan dai an yi shi a zaune, sauro ya samu rabonsa. Da gari ya waye aka raba mana tsintsiya. Ina duƙe ina shara a tsakar gida sai na ji gyaran murya da na sani.

Duk dangin da nake da su a garin nan, maman yara ba ta ga wanda za ta kira ba sai mahaifinta. Kun san Baba: mutumin Birni, babbar riga tun asuba, wanda in ya fara labarin Sarki Tanimun sai shayi ya huce, kuma har gobe bai yafe wa Nasara ɗauke babban birni daga nan zuwa Yamai a 1926 ba. Mutumin da ban taɓa cin abinci a gabansa ba. Ga shi tsaye da katina a hannu.

Suruki ai ba a gaishe shi da takalmi. Na tuɓe silifas, na jera su a gabansa, na durƙusa da tsintsiya a hammata. "Baba, ina kwana." Ya amsa. Ya tambayi gajiya, na ce babu gajiya. Ya tambayi aiki, na ce da godiya, ga tsintsiya tana leƙowa. Ya tambayi mutanen gida, gidan da shi ya fito daga cikinsa yanzu, ni kuwa rabona da shi tun jiya. Sai ya yi shiru yana kallon furannin nan, ya ce, "Daga Kano na kawo mata su." Na ce Allah ya saka da alheri. Ya ce, "Sun yi maka daidai?" Na ce sun ɗan matse. Wallahi abin da na ce ke nan.

Shi ya biya tara, ya ninke takardar ya sa cikin hula. Kuɗin nan ban san ta inda zan mayar masa ba, don sai an tayar da maganar kafin a biya, ni kuma ba zan tayar ba. A bakin ƙofa ya tuɓe babbar rigarsa ya ba ni, na bi shi a baya har bakin titi ina jan ta a ƙasa.

Ashe mai shayi ne ya je ya buga ƙofa ya gaya wa maman yara. Kada wani ya ce mini ya kyauta, don ya sa kuɗin aiken a lissafi, yanzu wai dala ɗari yake bi na. Taku biyar ne fa daga teburinsa zuwa gidan. Na koma shan shayi wajen tsohon bakin masallaci, nasa ba ya da daɗi, sukari kamar ana auna zinariya, amma haka zan daure.

Mai gyaran salula, an ce kai ka fara maganar tramol. Ina zuwa karɓar cajata da la'asar.