Ga ƙannena masu riƙe da makami: ba kowane ihun ɓarawo ake amsawa da harbi ba

Ranar Talatar da ta wuce, bayan an idar da sallar Isha'i, ina tsaye wajen mai shayin bakin layinmu sai wasu samari biyu suka sauka daga kan babur, suka shiga shagon da ke kallonmu, inda ake sayar da kayan masarufi kuma ake cirar kuɗi ta POS. Ɗaya ya nuna wa mai shagon ƙaramar bindiga, ɗayan ya kwashe cinikin ranar da wayoyi biyu. Mai shagon, dattijo ne da ya ga jiya ya ga yau, ya ɗaga hannuwansa sama bai ce musu uffan ba, kuma abin gaba ɗaya bai kai minti biyu ba. Sun fito, sun hau babur, sun juya baya, babu wanda ya samu ko ƙwarzane, sai ɗaya daga cikin yaranmu 'yan sintiri ya taso daga kan benci da bindigar gida, ya bi su da harbi a cikin layin da ke cike da masu sayen abincin dare. Bai samu ɓarawo ko ɗaya ba. Wadda ya samu yarinya ce da ke taya mahaifiyarta suyar awara, guntayen ƙarfe suka shige mata cinya da gefen ciki, kuma ni na riƙe ta a bayan adaidaita sahu har asibiti.

Harbin ya ɓata mini rai, amma abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne maganganun da na ji washegari a majalisar samari. Wannan ya ce ai yaron ya yi ƙoƙari, wancan ya ce tsautsayi ne kuma tsautsayi ba ya wuce ranarsa, wani kuma ya ce da shi ne da sai ya ƙara harbi na biyu. Ƙannena, ina ƙaunarku, kuma na san yawancinku kuna kwana a waje cikin sanyi da sauro ba tare da an biya ku ko sisi ba, saboda unguwa ta yi barci. Wannan ƙaunar ce ta sa zan gaya muku gaskiya ko da za ta yi ɗaci: mutumin da ya ɗana kunamar bindiga a bayan ɓarawon da ya riga ya juya yana gudu, a wurin da mata da yara ke tsaye, ba tsautsayi ne ya same shi ba, ganganci ya yi da ran mutane. An je neman gira an rasa ido.

Ku tambayi kanku me aka je karewa a daren nan. Kuɗin ciniki ne da wayoyi biyu, abin da mai shagon zai iya mayarwa cikin 'yan makonni idan Allah ya buɗa masa kasuwa. Ɗan fashin da ya shigo shago mafi yawan lokuta kuɗi yake so, kuma burinsa ya fita da sauri. Kowane daƙiƙa da ya ƙara a ciki haɗari ne gare shi, shi ya sa idan aka bar shi yakan kwasa ya tafi. Da zarar wani ya zaro makami, lissafin ya canza, domin mutumin da ya zo sata ya koma mai neman tsira da ransa, kuma ba zai tsaya tantance wa ya zaro wa bai zaro ba, duk wanda ke gabansa zai buɗe wa wuta. Bindigar gida da kuke taƙama da ita kuwa, wadda ake ɗura wa alburushi da guntayen ƙarfe, ba ta da saiti irin wanda kuke zato, watsa abin da ke cikinta take yi, kuma idan ta tashi sau ɗaya sai an sake ɗuri. Kai da ka harba ka zama fanko a gaban mai ƙaramar bindiga da sauran harsasai a cikinta. Wannan shi ne karambanin akuya, gai da kura.

Na san inda wannan ɗabi'a take samun ruwa. Kullum kuna tura wa juna gajerun hotunan bidiyo daga Amurka, inda wani mai saye a kanti yake zaro bindiga ya kwantar da ɗan fashi, ana ta yi masa kirari. Waɗanda ba sa yawo a wayoyinku su ne ya kamata ku sani. A watan Fabrairun 2022, a birnin Houston, an yi wa wani mutum fashi a wajen na'urar cirar kuɗi, ɓarawon ya ruga, shi kuma ya bi shi da harbi, harsashi ya shiga wata mota da ke wucewa ɗauke da iyali, ya kashe yarinya 'yar shekara 9. A watan Yunin 2014, a Las Vegas, wani ɗan bindiga ya shiga babban kantin Walmart, wani mai saye da ke da lasisin ɗaukar bindiga ya bi bayansa don ya tsayar da shi, bai san cewa matar da ya gifta ta gefenta abokiyar tafiyar maharin ce ba, ita ta harbe shi ya mutu. A watan Yunin 2021 kuma, a garin Arvada na jihar Colorado, wani bawan Allah ya yi nasarar harbe maharin da ya kashe ɗan sanda, ya ɗauki bindigar maharin a hannunsa, ɗan sandan da ya iso wurin ya gan shi da makami ya ɗauka shi ne maharin, ya kashe shi. Waɗannan mutane ne a ƙasar da ake da wuraren koyon harbi da bindigogi masu saiti, ga abin da ya same su. To ina ga kai da ka karɓi aron bindigar toka jiya da yamma, ba ka taɓa gwada ta ko a jikin kututture ba?

Darasin Las Vegas ɗin nan namu ne kai tsaye, domin 'yan fashi ba sa zuwa su kaɗai. Idan ka ga biyu a cikin shago, ka ƙaddara akwai na uku a kan babur ko a cikin masu kallo, idonsa a kan duk wanda zai motsa. Darasin Arvada ma namu ne, har ya fi tsanani a nan, domin a garuruwanmu ba 'yan sanda kaɗai ke iya kuskuren ganinka ba, taron jama'a ma yana iyawa. Ana ihun ɓarawo, aka ji ƙarar harbi, aka waiwayo aka ga saurayi yana gudu da bindiga a hannu, wa zai tsaya jin bayaninsa? Ba mu manta da abin da ya faru a Uromi ta jihar Edo a watan Maris na 2025 ba, inda aka tare mafarauta 16 da ke kan hanyarsu ta komawa Kano, aka ga bindigogin farauta a tare da su, aka kashe su kafin kowa ya saurare su. Mun yi kuka a kan wannan zalunci, kuma ya cancanci kuka, amma mu ma a nan gida mun sha tara tayoyi da fetur a kan mutumin da ba a tabbatar da laifinsa ba, wasu kuma suna tsaye suna ɗauka a waya don su riga kowa ɗorawa a Facebook. A daren Talatar nan ma na ƙirga wayoyi sun fi goma a sama, alhali yarinya tana kwance cikin jini, sai da na daka tsawa kafin aka samu mai tsayar da abin hawa.

Wasu daga cikinku suna kafa mini hujja da hadisin da ya ce wanda aka kashe a wajen kare dukiyarsa ya yi shahada. Hadisin ingantacce ne, ba na jayayya da shi, amma ku koma wurin malamai ku ji sauran karatun. A wata ruwayar, da wani ya tambayi Manzon Allah (SAW) game da mai son ƙwace masa dukiya, an fara umartarsa da ya tunatar da shi Allah, sannan ya nemi taimakon Musulmin da ke kusa, sannan ya nemi hukuma, faɗa shi ne ya zo a ƙarshe. Kuma Annabin da ya faɗi wannan shi ne ya yi umarni cewa wanda zai ratsa masallaci ko kasuwa da kibau ya riƙe tsininsu da hannunsa don kada ya ji wa wani Musulmi ciwo, ya kuma hana mutum ya nuna ɗan'uwansa da makami. Idan kibiyar da ke cikin hannu an yi mata wannan kashedi a kasuwa, yaya hukuncin wutar da aka saki a tsakiyar masu saye da sayarwa? Kisan kuskure ma a Suratun Nisa'i yana da diyya da kaffara ta azumin wata biyu a jere ga wanda bai samu bawan da zai 'yanta ba, kuma diyyar rai raƙuma 100 ce. Wane ne a cikinku danginsa za su iya ɗaukar wannan saboda wayoyi biyu?

Dokar ƙasa ma ba ta tare da ku yadda kuke zato. Ta yarda mutum ya kare ransa da na wani da dukiya, amma da sharaɗin kada ya wuce iyakar abin da kariyar take buƙata, kuma ba za ta wanke ka daga jinin wanda ke gefe ba don ka ce ɓarawo ka nufa. Tun dokar makamai ta 1959 riƙe bindiga sai da lasisi, ta gida ma hukuma na da ikon hana riƙe ta ba lasisi, kuma yawancinku ba ku da ko takarda ɗaya. Kasancewar gwamnatocin Katsina da Zamfara sun kafa rundunonin tsaron al'umma saboda 'yan bindigar daji, waɗanda aka tantance aka horar, bai mayar da kowane saurayi mai jar riga da gora jami'in tsaro ba. Kare ƙauye daga masu zuwa kashe mutane da sace mata abu ne daban, bin ɓarawon aljihun tebur da harbi a cikin gari abu ne daban, kuma duk wanda ya haɗa su ko dai bai fahimta ba ko yana neman suna ne. Ba zan ɓoye ba, wasunku ma ba a cikin hayyacinsu suke fita sintirin ba, sai sun haɗiyi ƙwaya sun ji duniya ta yi musu daidai, sannan a miƙa musu makami a ce su tsare unguwa.

Ban ce ka tsaya kana kallo ana yanka mutum a gabanka ba. Idan ta tabbata rai za a ɗauka, kuma babu wata hanya, kuma kana ganin abin da ke bayan wanda za ka hara, wannan wani matsayi ne da kowa zai yi wa kansa hisabi a kai. Amma idan kuɗi ake kwasa, ka bar makaminka inda yake, ka nemi abin fakewa, ka janye yara da mata daga hanya, ka buɗe ido ka riƙe kamanni da kalar babur da hanyar da aka bi, ka kira hukuma. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Shaidar da za ka bayar gobe ta fi harsashin da za ka saki yau amfani ga mai shagon kansa.

Abin da ke ƙara mini baƙin ciki shi ne mun gaji tarbiyyar makami mai kyau, muka yar da ita. Na taso na ga mafarautan garinmu, mutanen da suka kwana a dawa suka yi arba da abin da ku ba ku taɓa gani ba, amma ban taɓa ganin ɗayansu ya shigo kasuwa da bindiga a ɗure ba. Yaro yakan shekara da shekaru yana ɗaukar wa maigidansa jaka da gora kafin a bar shi ya taɓa kunama, kuma idan aka lura yana da zafin kai ko son a gan shi, sarkin baka yakan karɓe makamin ya ce ya je ya ƙara girma. A wurinsu abin kunya ne a ce ka harba ba ka ga abin da ka harba ba, har waƙar zambo ake yi wa mai yin haka. Yau kuwa wanda ya fi kowa saurin hannu shi ake kira namiji, dattijon da ya ce a yi a hankali a ce tsoro ne ya kama shi, masu unguwanni sun zuba ido, iyaye kuma ba sa tambayar abin da ɗansu ya ɓoye a ƙarƙashin katifa.

Jiya na koma asibiti. An ciro guntayen ƙarfe uku daga jikin yarinyar, likita ya ce akwai sauran ɗaya da sai kumburi ya sauka za a duba. Mahaifiyarta ba ta kafa kasko ba tun ranar, kuma da wannan kaskon take ciyar da gida. Mai shagon ya buɗe shagonsa tun safiyar Laraba, shi ne ma ya fara kai gudummawar kuɗin magani. Yaron da ya yi harbin yana hannun 'yan sanda, mahaifinsa, wanda tare muka yi makarantar allo, ya zo ƙofar gidana da asuba yana roƙon in raka shi wurin dangin yarinyar, domin ya ce shi kaɗai ba zai iya haɗa ido da su ba.