Nolan Arenado: Suna da safar hannu ba sa kawo maki a fantasi

Duk wanda ya taɓa buga fantasin gasar Firimiya ya san wannan ciwo. Ɗan wasan da ka daɗe kana ƙauna ya fara ja da baya, hankali yana cewa ka rabu da shi, zuciya tana cewa a ƙara masa mako guda. Mu 'yan tsirarun da ke raba dare muna bin wasan besbol na Amurka, muna kuma haɗa ƙungiyoyinmu na fantasi a waya, wanda ya saka mu a wannan hali yanzu shi ne Nolan Arenado, mai tsaron tasha ta uku (ɗaya daga tashoshin da mai bugu ke zagayawa kafin ya dawo gida ya ci maki), wanda ya buga wa St. Louis Cardinals daga 2021 zuwa 2025. Ni dai na yanke shawara: a zaɓen 'yan wasa na kakar 2026 ba zan ɗora masa tasha ta uku a ƙungiyata ba. In ya kai zagayen ƙarshe ba wanda ya taɓa shi, zan ɗauke shi in ajiye a benci, iyakarta ke nan.

Ba da daɗin rai nake faɗin haka ba. Mutumin nan ne ya sa na kamu da son wasan. Ƙwallo za ta taho a hankali tana birgima a kan ciyawa, sai ka ga ya rugo ya tsince ta da hannu tsirara, jikinsa a karkace kamar zai faɗi, ya cilla ta tasha ta farko ta riga mai gudu isa. Daga 2013 da ya fara wasa a Colorado Rockies har zuwa 2022, shekara goma a jere, shi ke karɓar kyautar Gold Glove ta gwanin tsaron tasha ta uku a rukuninsu na National League. Ga kuma gora. Tsakanin 2015 da 2019 bai taɓa gama kaka da ƙasa da hom-ran 37 ba, wato bugun da ke tsallake katanga, kuma duk shekara sai ya shigar da abokan wasansa gida aƙalla sau 110. A 2016 ma sau 133 ya yi. Shi ya sa a 2019 Rockies suka ba shi kwantiragin shekara takwas a kan dala miliyan 260.

Da aka mayar da shi St. Louis a 2021, mutane da yawa sun ce asiri zai tonu. Hujjarsu ita ce filin Coors da ke Denver yana kan tudu mai tsayin kusan mita 1,600, iskar wurin ba ta da kauri, ƙwallo tana tafiya da nisa. Ya ba su kunya: hom-ran 34 a 2021, sannan 30 a 2022, shekarar da ya zo na uku a zaɓen gwarzon rukunin.

Daga nan ne gangara ta fara, kuma ba ta tsaya ba. A 2023 ya buga 26, a 2024 ya buga 16, a 2025 kuwa 12 kacal a wasa 107, ga ciwon kafaɗa da ya zaunar da shi sama da wata guda. Matsakaicin bugunsa ma, wato kason bugun da ya yi nasara cikin damar da ya samu, wanda ya ɗan rufa masa asiri a 2024 da .272, ya faɗo .237. Da shekara ɗaya ce ta lalace, sai a ce tsautsayi ne ko rauni. Shekara uku a jere kowace ta fi ta baya muni, ga mutum mai cika shekara 35 a watan Afrilun 2026, ai jiki magayi.

Akwai wani dare a tsakiyar kakar 2025 da na zauna kallonsa, wajen ƙarfe ɗaya, lokacin da ake fara wasannin St. Louis a agogonmu. Mai jifa ya yi kuskure ya ba shi ƙwallo a daidai inda yake so, ya ɗaga ta sama ɓangaren hagu kamar yadda ya saba. Har na miƙe tsaye. Sai kawai mai tsaron baya ya ja da baya taku uku, ya tsaya gab da katanga, ya buɗe safarsa ta faɗa ciki. A nan matsalar take. Idonsa yana nan, ba ya yawan kuskuren ƙwallo har a fitar da shi, salon bugunsa bai sauya ba. Ƙarfin da ke ƙara wa ƙwallo 'yan mitocin ƙarshe ne ya ragu. Mai irin salonsa, wanda ya dogara da ɗaga ƙwallo sama zuwa hagu, idan ƙarfi ya ragu to abin da jiya yake hom-ran yau kyauta ce ga mai tsaro.

Sai kuma yadda ake lissafi a fantasi. A tsarin da ya samo asali daga wanda Daniel Okrent da abokansa suka ƙirƙiro a New York a 1980, yawancin gasanni abu biyar suke ƙirga wa mai bugu: matsakaicin bugu, hom-ran, shigar da wasu gida, shigowarsa gida da kansa, da satar tasha, wato rugawa tasha ta gaba ba tare da an buga ƙwallo ba. Babu gurbin tsaro ko ɗaya. Abin da Arenado ya fi kowa iyawa, wanda har yanzu yake yi da kyau, ba a ba shi ko maki guda. Satar tasha kuwa dama can ba sana'arsa ba ce. A wannan matsayi nasa akwai José Ramírez na Cleveland da ya haɗa hom-ran 30 da satar tasha 44 a 2025, ga yaro Junior Caminero na Tampa Bay da ya buga 45.

Masu kare shi suna da hujja, kuma ba ta banza ba ce. Eugenio Suárez sa'ansa ne, duk a 1991 aka haife su, amma ya buga 49 a 2025. Ashe shekaru kaɗai ba sa kashe gora. Sai dai Suárez, ko a shekarun da matsakaicinsa ya zube, ƙarfi bai taɓa barinsa ba. Wanda ya fi ba ni tsoro in na tuna shi ne José Abreu. Gwarzon rukunin American League ne a 2020, Houston Astros suka ba shi dala miliyan 58.5 na shekara uku, amma a watan Yunin 2024 suka sallame shi yana buga .124. Masu fantasi da yawa sun riƙe shi makonni suna jiran Abreu na da ya dawo, kowa kuwa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba.

Abu guda zai iya sa in ɗan ɗaga darajarsa, shi ne sauya fili. Cardinals sun daɗe suna neman rabuwa da shi don ba matasa dama, bayan kakar 2025 ragamar ƙungiyar ta koma hannun Chaim Bloom daga John Mozeliak, a Janairun 2026 kuma suka mayar da shi Arizona Diamondbacks. A Disambar 2024 an shirya kai shi Houston, ya yi amfani da sharaɗin da ke cikin kwantiraginsa ya ƙi. Ta fuskar fantasi wannan asara ce, domin katangar hagu a filin Houston kusan mita 96 ce, ta St. Louis kuwa ta haura mita 102. Irin ƙwallon da na gani a daren nan, a Houston tana iya faɗawa cikin 'yan kallo. Kwantiraginsa zai kai 2027, kuma duk inda ya je safar hannunsa za ta sa koci ya riƙa saka shi kullum. Wannan ce kaɗai hanyar da tsaronsa ke amfanar mai fantasi, domin wanda ke wasa kullum yana tara lambobi ko da kaɗan-kaɗan ne.

Saboda haka a gasa mai ƙungiya 15, ko wadda ake rage maki idan an fitar da mai bugu da jifa uku, yana da gurbi a benci. A gasa mai ƙungiya goma ko 12 kuwa, gara in ba wani matashi wurin. In aka fara atisayen share fage a Fabrairu da Maris, ba yawan hom-ran ɗinsa zan duba ba. Zan leƙa Statcast, tsarin da ke auna motsin ƙwallo a filin wasa, in ga saurin da ƙwallo ke barin gorarsa, in kuma ga ko kafaɗar nan ta bar shi yana buga wasa kwana uku a jere.