Kuɗin tsaro: a aljihun wa yake kwana?

Duk shekara in an gabatar da kasafin kuɗi, tsaro ne ke kwashe kaso mai tsoka, kuma ba mai ƙarfin halin cewa a rage. Ni ma ban ce a rage ba. Wanda aka kora daga gonarsa a Birnin Gwari ba zai ma tsaya sauraronka ba. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne inda kuɗin ke ƙarewa.

Ku ɗauki jiragen yaƙi 12 ƙirar Super Tucano. A 2018 gwamnatin Buhari ta ciri dala miliyan 496 daga asusun rarar man fetur ta biya Amurka, jiragen ba su iso ba sai 2021. Sun yi aiki, ba musu. Amma a Florida aka harhaɗa su, can ma'aikata suka ci albashi, can aka biya haraji. Mu kuwa kayan gyara da bama-bamai, duk da dala za mu ci gaba da saye, dalar nan da ɗan kasuwar Kantin Kwari ke nema ido rufe.

Abin takaicin, asalin jirgin na kamfanin Embraer ne na Brazil, wanda aka kafa a 1969. Namu DICON, kamfanin ƙera makamai na gwamnati da ke Kakuri a Kaduna, ya girme shi, tun 1964 yake nan. Ƙanin yana sayar wa duniya jirage, yayan kuwa har shaguɓe aka riƙa yi masa da ƙera kujeru. Da an riƙe shi hannu biyu, injiniyoyi da maƙera nawa za su ci abinci a nan gida?

Kuɗin da bai fita waje ba ma, wa ke bin sawunsa? Tun 2015 aka fara tuhumar Sambo Dasuki, tsohon mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro, da karkatar da dala biliyan 2.1 na sayen makamai. Ga kuma kason tsaro da gwamnoni ke ɗiba duk wata, kana tambayar lissafi a ce maka sirrin ƙasa ne.

Shi ya sa manomi a ƙauyukan Zamfara da Katsina ke biyan kuɗin tsaro sau biyu. An kashe dukiyar ƙasa da sunan kare shi, sannan kaka ta yi ya haɗa wa 'yan bindiga nasu harajin kafin su bar shi ya girbe. Kuɗin nan kuma kan buhun masara yake hawa, mu da ke awo a birni mu ƙarasa biya.